Maganin Zato Da Haƙƙin Majinyaci

Daga cikin cututtukan da ke kai mutane kushewa a wannan zamani, ciwon dajin huhu yana sahun gaba. Lissafin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi game da shekarar 2022 ya nuna cewa mutum wajen miliyan 2 da rabi ne suka kamu da shi a shekarar, wajen miliyan 1 da dubu 800 kuma suka rasu ta dalilinsa, watau babu wani ciwon daji da ya kai shi kisa. Taba ita ce babban musabbabinsa, ko da ya ke yakan kama wanda bai taɓa ɗora ta a baki ba. Mugun halinsa kuwa shi ne ɓoyo. Yakan faro da tari da rama da ciwon ƙirji, a ɗauka tarin fuka ne, a yi ta shan maganin tibi wata da watanni, kafin a gane ko mene ne ya riga ya wuce inda wuƙar likita za ta iya cire shi.

Likitoci sun kasa wannan ciwo mataki 4. A mataki na 3 ya bar inda ya tsiro ya kama kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, amma bai fita daga ƙirjin ba. A mataki na 4 ya riga ya bi jini ya sauka a ƙashi, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko ɗaya huhun. Shekaru masu yawa abin da a ke yi wa mai mataki na 3 wanda ba a iya yi wa tiyata shi ne a haɗa masa abu biyu: ƙarin ruwan magani mai dafi da a ke kira kemoterafi, da kuma gashi, watau a auna wurin ciwon da wani haske mai ratsa jiki daga na'ura, kwana 5 a mako har mako 6. Duk da haka waɗanda kan kai shekara 5 a raye galibi ba su cika kashi ɗaya bisa uku ba, kuma an daɗe ba a sami abin da ya ɗaga wannan adadi ba.

Abin da ya sauya al'amarin ya fito ne daga binciken garkuwar jiki. Allah ya halicci wasu fararen ƙwayoyi a cikin jini waɗanda aikinsu shi ne sintiri, su kama duk baƙon da ya shigo jiki su hallaka shi. Don kada su afka wa 'yan gida, an sa musu wani linzami da ke tsayar da su. Wani masani na ƙasar Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano ɗaya daga cikin waɗannan linzamai a 1992, a ke ce masa PD-1. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayar ciwon daji takan ɗaura wa kanta wata alama, PD-L1, wadda ke jan wannan linzami, sai mai sintirin ya zo har gabanta ya wuce, kamar ɓarawon da ya sa rigar 'yan gida ya gaisa da mai gadi. Magungunan zaburar da garkuwar jiki aikinsu shi ne su rufe wannan alama ko su cire linzamin. A kan wannan fage ne aka ba Honjo da Ba'amurke James Allison kyautar Nobel a 2018.

To, mene ne haɗin wannan da gashi? Hasken na'ura idan ya farfasa ƙwayoyin ciwon, sai abin da ke cikinsu ya watsu, masu sintiri su sansana, su gane kamannin abokin gaba. Tun a 1953 wani masani a Ingila mai suna Mole ya ba da suna ga wani abin mamaki da a kan gani jefi-jefi, watau a gasa ƙari a wuri guda, sai wani ƙarin da ke nesa, wanda haske bai taɓa ba, shi ma ya motse. Wannan ya sa masana suka yi tunanin cewa idan gashi ya tona asirin ɓarawo, sa'an nan magani ya saki masu gadi, watakila a sami abin da kowannensu shi kaɗai bai bayar ba.

An jarraba wannan tunani a wani babban gwaji da aka sa wa suna PACIFIC, wanda aka fara bayyana sakamakonsa a 2017. An ɗauki majinyata 713 masu mataki na 3, waɗanda suka gama kemoterafi da gashi ciwon bai ci gaba ba, kuma suna da sauran ƙarfin hidimar kansu. Aka jefa ƙuri'a, kashi biyu bisa uku aka riƙa sa musu wani magani mai suna durvalumab ta jijiya kowane mako 2 har tsawon shekara, sauran kuwa aka sa musu ruwan da babu magani a cikinsa. Da aka cika shekara 5 aka duba, sai aka tarar wajen kashi 43 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi 33. Kashi ɗaya bisa uku na masu maganin ciwon bai ko motsa musu ba a duk tsawon shekarun, alhali a wancan ɓangare masu irin wannan rabo ba su cika ɗaya bisa biyar ba. A fagen ciwon huhu wannan babbar nasara ce, shi ya sa tun daga 2018 ya zama hanyar da a ke bi a manyan asibitocin duniya.

Amma ya kamata mai karatu ya tsaya ya karanta lissafin nan da kyau, domin a cikinsa maganar ta ke. Idan aka ba mutum 100 wannan magani, wajen 33 da ma za su kai shekara 5 ko ba a ba su ba. Wajen 57 ba za su kai ba duk da an ba su, ko da ya ke a cikinsu akwai waɗanda suka sami ƙarin watanni. Wajen 10 su ne waɗanda maganin ya zama sanadin kaiwarsu. Babu likitan da zai iya duban fuskar majinyaci ya ce masa ga rukunin da zai faɗa. Har wa yau, nasarar tana da iyaka ta kowane gefe. Da aka gwada ba da maganin tare da gashin a lokaci guda, a gwajin PACIFIC-2 wanda aka sanar da sakamakonsa a 2023, ba a ga fifikon da a ke nema ba. A mataki na 4 kuwa, wani ƙaramin gwaji da aka yi a Holan da mutum 76, aka buga a 2019, ya nuna ciwon ya ja baya ga kashi 36 na waɗanda aka fara gasa musu ƙari guda kafin maganin, da kashi 18 na waɗanda ba a gasa wa ba, amma bambancin bai kai mizanin da masu gwajin suka ɗora wa kansu ba. Galibin gashin da a ke yi wa mai mataki na 4 don rage zafin ƙashi ne, ko tsayar da tarin jini, ko buɗe hanyar numfashi.

Irin wannan magani malaman Musulunci sun san matsayinsa tun kafin a ƙera na'ura. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kasa sababan kawar da cuta gida 3. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga wanda ƙishirwa za ta kashe, wanda barinsa haramun ne idan ana tsoron halaka. Akwai na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da maganin wanke ciki da sauran abin da likitoci suka jarraba. Akwai kuma na tsammani kawai, kamar lalas da wuta, wanda barinsa shi ya fi dacewa da mai dogaro ga Allah. Game da na tsakiyar ya nuna cewa yin sa ba ya warware tawakkali, barinsa kuma ba laifi ba ne, abin ya danganta da mutum da halin da ya ke ciki.

Wani zai ce ai gashi ɗan'uwan lalas ne, tun da sunansa ma ya nuna wuta. Sunan ne ya yi kama, amma babu wuta a cikin na'urar, wanda a ke wa gashin ba ya jin ko ɗumi a lokacin da hasken ke ratsa shi. Kuma rabon da Gazali ya yi bisa ƙarfin hujja ya ke, watau yawan yadda aka jarraba abu aka ga amfaninsa. Maganin da aka gwada a kan mutum ɗari bakwai da 'yan kai, aka bi su shekara 5 ana rubutawa, ya wuce a kira shi tsammani. Maganin da fiye da rabin masu shansa ba su kai shekara 5 ba kuwa, ba shi da halin a jera shi da ruwa ga mai ƙishirwa. Wurinsa tsakiya ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta bi wannan hanya: ta ce hukuncin neman magani yana sauyawa, wani lokaci wajibi, wani lokaci mustahabbi, ko halal, ko makaruhi idan ana tsoron illar maganin ta fi cutar. Ta kuma shar'anta izinin majinyaci matuƙar yana cikin hankalinsa.

A nan ne fa tambayar ta taso. Idan abu ya zama na zaɓi, tilas a sami mai zaɓa, kuma mai zaɓa tilas ya san abin da ke gabansa. Amma abin da aka saba a gidaje da yawa shi ne, likita ya ja babban ɗa ko ƙanin majinyaci gefe ya gaya masa, su kuma su haɗa baki a kan kada mai ciwon ya ji. Sai a ce masa sanyi ne ya kama ƙirjinsa, ko wani ɗan ƙari ne da za a narkar. 'Ya'ya su yi shawara a zaure, a sayar da gona, a nemi biza, a ɗauki dattijo zuwa Masar ko Indiya, shi kuwa yana tsammanin mako 2 zai yi ya komo. Ko kuwa su yanke cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu, su maido shi gida da 'yan ƙwayoyi, bai taɓa sanin akwai wata hanya da aka rufe a madadinsa ba. Duka biyun an yi su ne da ƙauna, wannan babu shakka. Masu yin haka suna tsoron kada labarin ya karya masa zuciya, suna kuma riƙe da ladabin gaida maras lafiya, wanda ya ƙunshi faranta masa rai da sa masa kyakkyawan fata.

Kada a ɗauka wannan hali na wata al'umma ce guda. A Amurka, inda doka ta tilasta wa likita ya yi bayani, wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon dajin huhu da ya bazu, waɗanda a ke wa kemoterafi, ba su fahimci cewa da wuya ƙwarai maganin ya warkar da su ba. Abin da ya fi ban tsoro, waɗanda suka fi yabon likitansu da iya magana su suka fi kasancewa cikin wannan duhu. Wani binciken na 2013 ya sami kusan haka game da gashi, kashi 64. Ashe ɗan Adam ko'ina yana son mai gaya masa abin da ke da daɗin ji, likita kuma mutum ne, ba ya son ya zama mai kawo baƙin labari.

Magabata ba haka suka yi ba. Lokacin da aka soki Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, yana limancin sallar Asuba a ƙarshen shekara ta 23 bayan Hijira, an kawo masa mai magani. Aka ba shi wani abin sha ya fito ta wurin raunin, ba a bambance shi da jini ba, sa'an nan aka ba shi madara, ita ma ta fito fara. Mai maganin bai yi kwana-kwana ba, ya shaida masa cewa lokacin yin wasiyya ya yi, Umar kuma ya gaskata shi, bai zarge shi da rashin tausayi ba. A 'yan kwanakin da suka rage masa ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, aka tarar wajen dubu 86, ya tsara yadda za a biya. Ya aika wa Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Ya zaɓi mutum 6 waɗanda za su fitar da halifa daga cikinsu. Da an ce masa raunin ƙarami ne, zai tashi gobe, da duk wannan bai samu ba, kuma da al'umma ta wayi gari ba ta san inda za ta dosa ba. Magidanci mai mata 2 da 'ya'ya 12 da bashin kasuwa da amanar marayu a hannunsa, shi ma halifa ne a gidansa, yana da abin da zai tsara.

Labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana koyar da ɗaya gefen. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka a shekarar Hajjin Ban Kwana har ya fid da rai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo duba shi. Sa'adu ya kawo maganar dukiyarsa, yana da 'ya guda, yana so ya yi sadaka da kashi biyu bisa uku. Annabi bai kau da zancen ba, bai ce masa ya daina ambaton mutuwa ba. Ya zauna da shi a kan maganar har aka tsaya a sulusi, ya nuna masa fifikon barin magada da abin hannunsu a kan barinsu suna roƙo, sa'an nan ya buɗe masa ƙofar fatan cewa mai yiwuwa ne ya yi tsawon rai. Haka kuwa aka yi. Sa'adu ya tashi, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya rayu fiye da shekara 40 bayan wannan ciwo. A zama guda an yi maganar wasiyya an kuma yi maganar fata, ɗaya bai kori ɗaya ba. Wanda ya ce ba zai gaya wa mahaifinsa gaskiya ba don kada ya yanke ƙauna, ya ɗauka ke nan cewa fata ba ya tsayuwa sai a kan ƙarya. Alhali a ciwon da a ke magana a kansa gaskiyar da kanta tana ɗauke da fata: mutum 43 cikin 100 ba ƙaramin adadi ba ne.

Sai maganar dukiya, wadda ita ce ba a so a ambata a gaban maras lafiya, amma ita ke juya shawarar zaure. Wannan magani yana da tsada ƙwarai. A Amurka farashin shekara guda ya haura dala 100,000. Na'urorin gashi a arewacin Nijeriya ana ƙidaya su da yatsu, a manyan asibitoci irin na Zariya da Sakkwato da Abuja, Jamhuriyar Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe nata na farko a Yamai. Mutumin ƙauye da zai yi gashin mako 6, sa'an nan ya riƙa komawa ana sa masa magani har shekara, yana bukatar masauki da abinci da mai jinya da kuɗin mota, ban da kuɗin maganin. Ga gidaje da yawa amsar tambayar ta riga ta yanke kanta, kuma babu zunubi a kan wanda bai iya ba, domin abin da ba wajibi ba ne ga mai hali, ina zai zama wajibi ga maras shi?

Ga mai hali kuwa, fiƙihun Malikiyya ya yi magana a fili. A Muhtasar na Shaihu Halil, babin da ke bayanin waɗanda a ke hana su sarrafa dukiyarsu, an ambaci maras lafiyar da likitanci ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da irin ciwonsa, misalin farko da aka kawo kuwa ciwon huhu ne mai ramarwa. Irin wannan majinyaci ba shi da ikon kyautar da fiye da sulusin dukiyarsa, saboda haƙƙin magada. Amma an cire abincinsa da maganinsa daga wannan hani. Ma'ana, dukiyarsa tasa ce wajen neman lafiya, magaji ba shi da ikon ya tsuke bakin jaka don yana hangen gado. A lura kuma da cewa hukuncin gaba ɗaya an rataya shi ne a kan maganar likita. Yaya mutum zai kiyaye iyakar sulusi, ko ya san matsayin kyautarsa da sauran ma'amalolinsa, idan an ɓoye masa cewa ya shiga wannan hali?

Akwai kuma zalunci na ɗaya gefen, wanda ya fi wuyar ganewa domin yana sanye da rigar biyayya. 'Ya'ya su ji kunyar a ce sun bar mahaifinsu, sai su sayar da gidan da ƙannensu ƙanana ke ciki, su ci bashi, su yi ta jan dattijo daga asibiti zuwa asibiti, alhali da an tambaye shi watakila ya ce a bar gidan, a bar shi kusa da masallacinsa da jikokinsa. Watakila kuma ya ce a sayar, yana so ya gwada, wannan ma haƙƙinsa ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi don bakin mutane. A ciwon ajalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki bayan ya yi musu ishara da kada su yi, suna zaton ƙin magani ne irin na kowane maras lafiya. Da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa ƙwarai. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa ba a tilasta wa mai hankali magani, ko da masu tilastawar su ne mafi ƙaunarsa a duniya.

Wanda ya zaɓi kada a yi masa wannan doguwar jinya, ko wanda jikinsa ba zai ɗauka ba, ba a ce an gama da shi ba. Akwai fannin likitanci mai zaman kansa na sauƙaƙa wa majinyaci, watau rage zafi da ƙuncin numfashi da rashin barci da damuwa. Wani gwaji da aka yi a birnin Boston da mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, aka buga a 2010, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa su da masu wannan fanni tun da wuri, aka riƙa zama da su ana bayyana musu halin da su ke ciki, sun fi samun natsuwa, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, sun fi guje wa jinyar wahala a kwanakinsu na ƙarshe. Tsawon ransu kuma a tsakaice ya kai wata 11 da rabi, na sauran wajen wata 9. Wannan gwaji guda ne, a asibiti guda, amma ya isa ya sa mai cewa gaskiya ke kashe maras lafiya ya sake tunani.

Lalle akwai mutanen da idan aka jefa musu labari gaba ɗaya za su rushe, kuma akwai likitan da ke faɗin gaskiya kamar mai jifa da dutse, yana duban takarda, ya ce saura wata kaza. Wannan kuskure ne ta fuskar ilmi ma, kafin a zo ga ladabi. Adadin da ke hannun likita labarin taron mutane ne da suka wuce, ba ya ɗauke da ajalin kowa, ajali kuwa sanin Allah ne. Majalisar Jidda ta faɗi cewa abin da a ke kira ciwon da aka fid da rai da shi gwargwadon ƙiyasin likitoci ne da abin da likitanci ya mallaka a kowane zamani da wuri, ta kuma ɗora wa likitoci da dangi su ƙarfafa zuciyar majinyaci su ci gaba da kula da shi. Ciwon nan da kansa shaida ne, domin abin da a ke gaya wa mai mataki na 3 a 2010 ba shi a ke gaya masa a 2020 ba. Hanyar da ta dace ita ce a fara tambayar majinyaci me ya fahimta game da ciwonsa, kuma har ina ya ke so a gaya masa. A ba shi kaɗan-kaɗan, a zama fiye da ɗaya, a gaban wanda ya amince da shi. Idan ya ce shi ba ya son jin lissafi, a yi magana da ɗansa wane, to ya wakilta da bakinsa, sai a bi abin da ya ce. Tsakanin wanda ya miƙa al'amarinsa da kansa da wanda aka karɓe masa bai sani ba akwai tazara mai nisa, ko da a ƙarshe shawarar da aka yanke iri ɗaya ce.

Akwai wani dalili kuma na jiki tsantsa, wanda masu ɓoyewa ba su cika sani ba. Maganin da ya cire wa masu sintiri linzami yakan sa su afka wa 'yan gida: fata, da hanji, da hanta, da maƙoƙon wuya, da huhun kansa, wanda da ma gashi ya riga ya taɓa shi. A gwajin PACIFIC wajen kashi ɗaya bisa uku na masu maganin sun sami kumburin huhu, galibi mai sauƙi, mai tsananin kuwa wajen 3 cikin 100, kuma wajen 15 cikin 100 sun dakatar da maganin saboda illolinsa. Wannan kumburi idan aka kama shi da wuri ana dakatar da maganin a ba da wani mai kwantar da garkuwar jiki, galibi ya lafa. Alamunsa kuwa su ne ƙarin tari, da haki idan an ɗan yi tafiya, da zazzaɓi, wani lokaci makonni ko watanni bayan an fara, mutum yana gida nesa da asibiti. Majinyacin da ya san abin da a ke sa masa, aka kuma gaya masa abin da zai lura da shi, zai ce a kira likita a ranar da ya ji numfashinsa ya sauya. Wanda aka ce masa sanyi ne ke damunsa zai ɗauka sanyin ne ya motsa, ya aika a sayo masa maganin tari a kemis, ya ja bargo ya kwanta.